Fitilar mota ta sha ruwa: a gyara a gida, a kai wa mai gyara, ko a sayi wata?

Da zarar ruwan Yuli da Agusta ya kankama a Sakkwato, sai ka fara cin karo da motocin da fitilarsu ta gaba ta yi gumi daga ciki, wata ma ruwa ne kwance a gindinta yana kaɗawa duk lokacin da taya ta faɗa rami. Mai mota kan rasa ta inda zai kama. Wani ya ce masa ya shafe bakin da gam, wani ya ce a huda ƙasan ruwan ya tsiyaye, mai sayar da kayan gyara kuma ya ce fitilar ta gama aiki, a ɗauki Beljiyam. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, kada a kashe ko sisi sai an san abu biyu: ta ina ruwan yake shiga, kuma madubin nan na ciki mai ƙyallin azurfa yana da rai ko ya mutu. Amsar waɗannan biyun ita ce take zaɓa maka hanya.

Da farko dai ba kowane gumi ne yoyo ba. Fitilar mota ba a rufe take ruf ba, kamfani da kansa yake bar mata 'yan ƙofofin numfashi a baya, wani lokaci ɗan bututun roba mai lanƙwasa, wani lokaci ɗan murfi mai soso a ciki, domin iskar da ƙwai ya ɗumama ta sami hanyar fita. Idan aka kwana ana ruwa gari ya yi sanyi, danshin iskar da ke ciki yakan kwanta a jikin gilashi. In ɗan hazo ne siriri a kusurwa, kuma ya baje bayan ka kunna fitila ka ɗan yi tafiya ko mota ta sha hantsi, to lafiya lau, ka bar ta. Yoyo shi ne ka ga ɗigo manya suna gangarowa, ko ruwa ya taru a ƙasa, ko gefe ɗaya kullum a jiƙe ɗayan kuma a bushe. Wannan ba ya warkewa da kansa. Zai ci gindin ƙwai, ya sa soket tsatsa, ya riƙa ƙona maka fiyus, daga ƙarshe ya dusashe madubin.

Mu nan ruwan sama na wata uku zuwa huɗu ne kawai, amma ɓarnar tun kafin ya sauka aka yi ta. Zafin Maris zuwa Mayu da yake haura digiri 40 yana busar da gam ɗin da ya haɗa gilashi da jikin fitila, yana ƙeƙashe robobin baya har su tsattsage. Ƙurar hunturu kuma ta toshe ƙofofin numfashin. Sai damina ta zo ta tarar da aiki a shirye. Ƙari a kan haka akwai masu wankin mota da suke kafa wa fitila bakin injin feshi tana da zafi, da kuma kutsawa cikin ruwan da yake kwanciya a unguwanni irin su Mabera bayan an tafka ruwa.

Hanya mafi araha, wadda kuma take magance kaso mai tsoka na matsalar, ita ce gyaran gida ba tare da an buɗe gilashin ba. Ka ɗaga bonet ka leƙa bayan fitilar. Sau da yawa nan za ka ga murfin robar da yake rufe ƙwai babu shi, ko an mayar da shi a karkace, ko ya yage. Tun da aka fara yayin sa ƙwan LED mai fanka a gindi abin ya ƙaru, domin gindin ya fi ramin tsawo, sai mai wayarin ya yanke murfin ko ya jefar da shi gaba ɗaya. In haka ne matsalarka, ba ka buƙatar gam ko kaɗan. Ka nemi murfi daidai bakin ramin, akwai ma masu zurfi da aka yi musamman don irin wannan ƙwan, ka busar da fitilar, ka rufe. Ka duba ƙananan ramukan ƙwan sigina da na fakin su ma, kowanne yana da zoben roba da yake lalacewa.

Idan baya lafiya yake, sai a ciro fitilar. A yawancin Toyota da Honda sifana lamba 10 da sukundireba sun isa, amma a motoci da dama akwai noti ɗaya da yake ɓoye a bayan bamba, dole sai an sassauta bambar. Kada ka fizga, kunnuwan fitila roba ne da rana ta gasa, karyewarsu ba wuya. Kafin ma ka kwance komai, da dare ka tsayar da motar a gaban katanga, ka kunna dim, ka zana layin da hasken ya tsaya da gawayi, ka kuma yi alamar inda tayoyi suke. Zai yi maka amfani a ƙarshe.

Gano ƙofar ruwan ba ya son garaje. Ka cire ƙwayaye, ka toshe ramukan da leda da salatif ka bar ɗaya, ka shafa ruwan omo mai kumfa a duk zagayen da gilashi ya haɗu da jiki, sannan ka hura iska a hankali ta ramin da ka bari, da tiyo ko famfon keke. Inda kumfa ta taso, nan ne. Wanda bai da famfo ya mayar da murafe, ya ɗauki buta ya riƙa zuba ruwa taki-taki a kan bakin, yana tsayawa yana leƙa ciki. Ka duba jikin baƙar robar ta baya da kyau, domin ɗan karo da aka yi aka manta yakan bar tsaga siririya da ido ba ya kamawa sai an lanƙwasa wurin.

Busarwa kam Allah ya hore mana rana. Ka zazzage ruwan, ka ajiye fitilar ramuka suna kallon sama, ka lulluɓe su da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura. In fitilarka mai ƙwallon gilashi ce a ciki, kada ka juya fuskarta ga rana, ƙwallon yana tattara hasken wuri ɗaya har ya ƙona robar da ke kusa da shi. Idan ruwan da ya shiga ya bar tabo, a ɗauraye da tataccen farin ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, domin ruwan rijiya ko na burtsatse yana bushewa ya bar farin gishiri. A ba ta yini guda cur. Wanda ya rufe fitila da sauran laima a ciki, gobe da safe zai ga gumi ya ɗauka aikinsa ne bai yi ba.

Maganar gam ita ce inda ake yawan yin asara, don haka bari in daɗe a kanta. Gilashin fitilar zamani ba gilashi ba ne irin na Peugeot 504, wata roba ce mai tauri da ake kira folikabonet, kuma akwai abubuwan da ba ta shiri da su. Sufa gulu yana fitar da tururin da yake barin farin dusu-dusu a jikinta, wanda ba ya gogewa, ga shi in ya bushe ba ya lanƙwasa, girgizar hanya kaɗan sai ya tsage. Fetur da tina suna sa ta yi fari ta tsattsage, kada a share bakin da su, ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori sun wadatar. Silikon kuma iri biyu ne. Akwai mai warin tsami mai hawa hanci, wanda ake liƙa gilashin taga da shi. Wannan asid yake fitarwa yayin da yake bushewa, kuma tururinsa yana iya taɓa madubi da wayoyi. Akwai marar warin tsami, shi ne ya dace. Ka shinshina kafin ka saya. A zizara shi siriri a cikin tsagin, a bi da yatsa, a bar shi ya kwana ya wuni kafin ruwa ya taɓa shi. Tsagar jikin baya kuwa ta fi jin a narka ta da ƙarfen soda a haɗe, sannan a bi da silikon, domin irin wannan robar gam ba ya kama ta sosai.

Sai dai in faɗi gaskiyar wannan hanya: shafe daga waje faci ne. In ɓarakar ƙarama ce a wuri ɗaya, yakan riƙe shekaru. In gam ɗin asali ya mutu a duk zagayen, ranar Sakkwato za ta ɗaga silikon ɗin, damina mai zuwa ka koma gidan jiya. Kuma duk ranar da aka zo buɗe fitilar, kankare shi wahala ne.

Huda ƙasan fitila kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, duk da na san dalilin masu yi: ruwa ya sami mafita, gumi ya ragu, an huta a ranar. A garin da ake shafe watanni ana hunturu, ramin nan ƙofar ƙura ce. Kafin Janairu ya fita madubin ya yi ja, kuma ƙurar da ta kwanta a ciki ba ta da magani sai an buɗe. Haka nan masu toshe ƙofofin numfashi da gam da sunan hana ruwa, su ma sun ƙara wa fitilar gumi ne. Waɗannan ƙofofi wanke su ake yi a mayar.

Hanya ta biyu ita ce buɗe fitilar gaba ɗaya a sake mata gam, kuma nan ne ake tambayar a yi a gida ko a kai wa mai sana'ar. Abin ya rataya ga irin gam ɗin da kamfani ya sa. Ka soka bakin sukundireba a tsagin. Idan abin da ka taɓo baƙi ne ko ruwan toka, yana danƙo yana miƙewa kamar cingam, to butil ne, zafi yana tausasa shi, kuma shi ne a yawancin tsofaffin motocin Japan da suka cika titunanmu. Idan kuwa tauri gare shi, ba ya kama hannu, to irin wanda zafi ba ya narkarwa ne, sai dai a yi ta yanka ana ɓanɓara. Ana yawan samun sa a motocin Jamus da na Amurka da sababbin fita. Irin wannan ban ba kowa shawarar ya taɓa shi a gida ba, bakin jikin fitilar ne zai yayyage kafin gilashin ya saki.

Mai butil ana iya yi a gida, amma da sharaɗi. Butil yana sakin jiki ne a wajen digiri 100 zuwa 120, folikabonet kuma tana fara laushi a wajen 145. Tazarar ba ta da yawa, shi ya sa kurfoti da risho da bakin gas duk ba su da wuri a wannan aiki, ba ka da ikon sarrafa zafinsu. Abin da ya fi aminci shi ne na'urar busar da gashi ko ta hura zafi, a sa fitilar cikin babban kwali a huda gefe a riƙa hurawa har ko'ina ya ɗauka, ko a riƙa bin bakin da ita ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba. Na'urar tana jan wuta sosai, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba, kuma in wuta ta ɗauke aiki na tsaka, gam ya sandare gilashi a rabin buɗe. A cire sukurori da maƙalai tukuna, a fara ɗagawa daga kusurwa. A kwashe tsohon gam daga kwarin tsaf, a shimfiɗa sabuwar igiyar butil, a sake ɗumamawa, a matse. Samun igiyar butil ɗin ma wani aiki ne, sau da yawa sai an yi saƙo daga Kano ko an saya ta intanet. Wasu kan maye gurbinsa da baƙin gam ɗin da ake liƙa gilashin gaba na mota. Yana riƙe ruwa ƙwarai, amma ka sani ka rufe ke nan har abada.

Wuri ma abin lura ne. A yi a cikin ɗaki a rufe, an yayyafa ruwa a ƙasa, fanka a kashe. Kuma kada hannu ko tsumma ya kusanci madubin. Ƙyallin nan alminiyam ne da aka fesa siriri ƙwarai, shafa ɗaya da ƙyalle tana iya ɗauke shi, kuma ba ya dawowa.

Akwai fitilun da ko da mai butil ne gara a bar wa masani. Mai ƙwan zenon, wadda take tashi da shuɗi-shuɗi kafin ta yi fari, tana da ɗan akwati a ƙasanta da yake harba wutar da ta haura bolt 20,000 lokacin kunnawa. Ruwa da irin wannan wuta ba abin gwaji ba ne, ga shi akwatin a ƙasa yake, inda ruwan yake taruwa, shi ya sa in irin wannan ta fara yoyo ba a jinkiri. Haka fitilar da kamfani ya yi ta da LED a gine, ba a canza mata ƙwai, in ruwa ya kashe allon lantarkinta, sau da yawa sai dai a sayi wata sukutum.

Kai wa mai gyara ya fi gyaran gida a wuri uku: yana da abin hura zafi, hannunsa ya saba da inda maƙalai suke, kuma yakan iya samo gilashin kaɗai a canza in naka ya yi rawaya ya tsattsage, wanda hakan ya fi sayen fitila araha nesa ba kusa ba. Inda yake kasawa shi ne gaggawa da kayan aiki. Akwai mai buɗewa ya mayar a kan tsohon gam ya bi da silikon mai tsami, akwai yaron shago da zai ga madubi ya yi ƙura ya kai masa tsumma da kyakkyawar niyya. Don haka ka tambaya tun kafin a taɓa: "Malam, da wane gam za ka rufe? Za a kwashe tsohon?" In ya ce, "Alhaji, bar mini, aikina ne," ka ce ka yarda, amma a nuna maka gam ɗin, kuma za ka zauna a yi a gabanka. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. In an gama a zuba mata ruwa da buta kafin ka biya.

Duk wannan wahala tana da amfani ne in madubin yana da rai. Ka haska tocila ta gaba ka duba saman inda ƙwai yake zama. In ƙyallin ya koma toka-toka, ko ya yi baƙi, ko yana ɓarewa, to an wuce wurin gyara. Yawanci ruwa ne ya daɗe a ciki, ko kuma an sa ƙwai mai wat 100 a inda kamfani ya ce 55 ko 60, zafin ya gasa shi. Irin wannan ko ka rufe ta ba ta ɗigar da ko ɗigo, haskenta ba zai kai ko'ina ba. Wanda yake bin hanyar Illela ko ta Boɗinga zuwa Tambuwal da dare ya san abin da nake nufi: amalanke ba fitila, garken shanu ko raƙumi a tsakiyar kwalta, ɗan kabu-kabu ba jar wuta a baya, babbar mota ta lalace an jera mata ganye. A nan tazarar da haskenka yake kaiwa ita ce tazarar da kake da ita ta taka birki. Saye ya zama dole.

Tsakanin Beljiyam da sabuwar kasuwa, ni na fi karkata ga Beljiyam in an sami mai kyau. Ta asali ce, kamfanoni irin su Koito da Stanley da suke yi wa Toyota da Honda, ko Valeo da Hella na Turai, za ka ga sunan a jikin gilashi ko a baya. Yankan haskenta daidai yake, kuma rufin da yake kare gilashin daga rana ya fi ƙarko. Aibinta shi ne ita ma ta kwana biyu, gam ɗinta da robobinta sun tsufa, kuma ba duk abin da aka kira Beljiyam ne ya tsallako teku ba, akwai wadda aka ciro daga motar gida aka goge ta yi sheƙi. Ka duba kunnuwa ko an yi musu faci, ka bi bakin da ido ko akwai sawun sukundireba, ka nemi layin da kwantaccen ruwa yake bari a ciki. Ka tafi da tsohuwarka a hannu, domin mota ɗaya takan zo da fitila iri biyu. Corolla ta 2003 zuwa 2008 'yar Amurka da ƙwai 9005 da 9006 take aiki, ta Turai kuma fasalinta da soket ɗinta daban. Sannan akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, fitilar da aka yi wa Ingila ko Japan kuwa don masu bin hagu aka yi ta, dim ɗinta yana ɗagawa ne ta ɓangaren hagu, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa. Ka sa a jona ta da batir a haska bango. In layin ya hau ta hagu, ka ajiye ta komai arharta.

Sabuwar kasuwa hawa-hawa ce. Akwai na kamfanonin Taiwan da aka sani irin su Depo da TYC, akwai kuma marasa suna da kwalinsu kawai yake da kyau. Ribarta ita ce komai sabo ne, kunnuwa lafiya, madubi na ƙyalli. Amma marar sunan takan yi rawaya da wuri a ranarmu, haskenta yakan watse, wata ma daga kwali take zuwa da yoyonta. Wanda aljihunsa nan ya tsaya, ya gwada ta da ruwan omo tun kafin a ɗaura, ya ɗauki murafen roba na tsohuwar in sun fi kauri, kuma in da hali ya sayi biyu, don sabuwa a gefe ɗaya da dusasshiya a ɗaya gefen tana rikita mai tahowa. Sabuwa fil ta kamfanin motar ta fi duka, sai dai kuɗinta kan sa mai tsohuwar mota ya ja da baya, kuma galibi sai an yi odarta.

To, in murfi ne ko zoben roba, ko ɓaraka ɗaya da kumfa ta nuna, ka yi abinka a gida ranar da ba ka fita. In duk zagayen ne ya saki, fitilar mai ƙwan halojin ce, wato ƙwan da aka saba da shi ba zenon ko LED ba, kuma gam ɗinta butil, kana da wuta tsayayya da haƙuri, za ka iya. In ɗaya daga ciki ya ɓace, kuɗin mai gyara bai kai na gilashin da za ka narkar ba. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, ƙura ta lafa, iska a bushe, ruwa bai sauka ba.

Ko wacce hanya ka bi, in an mayar da fitila sai an saita ta. Ka koma gaban katangar nan, tayoyi a kan alamarsu, ka juya sukurorin saiti na baya har hasken ya hau layin gawayin. In ba ka yi alama ba, ka tsaya mita 10 daga bango a wuri mai baje, ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, layin dim ya sauka ƙasa da wannan tsayin da kamar santimita 10. Wasu fitilun ma an rubuta adadin a jikinsu, 1.0% ko 1.2%, wato santimita 10 ko 12 a mita 10. Ƙwan halojin kuma a riƙe shi ta gindi ko da takarda mai tsabta, domin maiƙon yatsa yana sa gilashinsa ya ƙone da wuri.